Yadda Direban Tirela Zai Kwana Cikin Sanyin Jos Idan Hitar Mota Ta Mutu

Direban da ya ɗauko kaya daga Legas ko Anacha yakan iso Akwanga da singileti, gumi na tsattsafo masa. Kafin ya gama Hawan Kibo ya fara laluben riga. Dalili kuwa a fili yake. Jos tana bisa tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga doron teku, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, daren Jos kan sauko digiri 11, wani daren har 7. Ga mai ɗaki da katifa da bargo biyu wannan ba komai ba ne. Ga wanda zai kwana cikin ƙarfe da gilashi a bakin titi, a gajiye, cikinsa ba komai, iskar hunturu na shigowa ta kowace kafa, magana ce daban.

Abin da nake so ka riƙe tun kafin mu shiga bayani shi ne, ɗumin da zai kai ka asuba daga jikinka zai fito. Aikinka kawai ka hana shi zurarewa. Wuta kuwa, ta gawayi ce ko ta risho ko ta gas, ba ta shiga kan mota, wato ɗakin direba. Zan dawo kan wannan a tsanake, domin a nan ne ake rasa rai.

Fara da gano abin da ya mutu

Hitar mota ba ta da wutar kanta. Ruwan da ke sanyaya inji shi ne yake ɗauko zafi, ya bi ta tiyo zuwa wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta fito maka da ɗumi. Ke nan abu huɗu ne ke aiki tare: ruwa, tamostat (abin da ke tare ruwan har sai inji ya yi zafi), fanka, da ɗan bawul ko murfin da ke buɗe hanya. Minti goma na dubawa kafin duhu ya yi zai iya sauƙaƙa maka daren gaba ɗaya.

Kunna fanka ka saurara. In ba ta motsa ko kaɗan, je wurin fiyus. Ciro na fankar ka haska shi da tocila. In zaren cikinsa ya tsinke, maye shi da wani mai lamba ɗaya da shi. Kada ka ɗaura waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, ko da wani ya rantse maka cewa shekara goma yana yin haka. Fiyus ya ƙone ne don wani abu ya ja wuta fiye da ƙima, kuma in ka toshe masa hanyar tsinkewa, wayarin bayan dashbod ne zai ƙone kana barci. In kuma sabon da ka sa ya sake ƙonewa nan take, ƙyale shi sai safiya a kai wa mai wayarin. Akwai kuma wadda ba ta juyawa sai a lamba ta ƙarshe. Wannan ba matsala ba ce a daren nan, yi amfani da ita a haka.

In fanka na hurawa amma iskar sanyi ce, duba allurar zafin inji. Allurar da ta kwanta a ƙasa bayan tafiyar awanni tana gaya maka tamostat ya maƙale a buɗe, ko kuma babu shi gaba ɗaya. Wannan na biyun ya yi yawa a motocinmu. Bakanike da dama suna cire shi da zarar mota ta iso daga Turai, wai ƙasarmu zafi gare ta. Tamostat ɗin babbar mota yakan buɗe ne a wajen digiri 80, kuma idan babu shi, ruwa na ta zagaye lagireto ba tsayawa, injin ba ya taɓa kai zafin aikinsa a daren hunturu, yana shan mai fiye da ƙima, kai kuma kana rawar ɗari a sama. Wasu kan toshe gaban lagireto da kwali don allura ta hau. Ni ban ba ka shawarar wannan ba in kana ɗauke da lodi a hanyoyin Filato masu hawa da gangara, domin mantuwa ɗaya ta isa ta ƙona maka gasket.

In allura ta hau sosai, har ta doshi ja, amma hita na hura sanyi, tsaya. Ruwa ne ya ƙare ko ya yi ƙasa. Kashe inji, ba shi aƙalla rabin awa ya huce, sannan ka buɗe murfin da tsumma a hankali, fuskarka a gefe. Ruwan lagireto mai zafi yana ƙarƙashin matsi, in ya yi tsartuwa sai ya saɓule fata. Ƙara ruwa, tada inji, duba ƙarƙashin mota ko akwai ɗiga.

In allura na daidai, ruwa kuma a cike, nemo tiyo biyun da ke shiga wurin hita. A yawancin motoci marasa hanci, irin su DAF da MAN da Howo, za ka same su in ka ɗaga murfin gaba da ke ƙasan gilashi. Taɓa su da bayan hannu, kana nesa da duk abin da ke juyawa. Dukansu da zafi? Ruwa na wucewa, murfin da ke juya iska ne ya maƙale, ko igiyar maɓallin ta suɓuce, wani lokaci da yatsa ake tura shi ya koma. Ɗaya zafi ɗaya sanyi? Bawul ne a rufe ko ƙaramin lagireton ya toshe da tsatsa. In kuwa ka ga an haɗa bakin tiyo biyun da juna da guntun bututu, wani ne ya kashe hitar da gangan, mai yiwuwa saboda tana yoyo. Kada ka mayar da ita cikin dare. Alamar yoyon ita ce wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, da maiƙo a jikin gilashi, da damshi a tabarmar ƙafa.

Wasu kawunan da aka shigo da su daga Turai suna da hitar kwana, irin ta Webasto ko Eberspächer, wadda ke ƙona dizal da kanta ba sai inji na aiki ba. Takan ƙi tashi in batir ya yi sanyi ko mai ya yi ƙasa a tanki. Gwada ta sau ɗaya ko biyu inji na kunne. Da ka ji warin dizal ko hayaƙi a cikin kai, kashe ta ka manta da ita. Kada kuma ka ɗaga kan mota cikin dare a kan ƙasa mai gangara don neman abin gyara. Abin da bai gyaru a tsaye ba, a bar wa gari ya waye.

Zaɓi wurin kwana

Tsaya da wuri, inda akwai mutane da mai shayi, irin Mararraban Jama'a ko wuraren da manyan motoci suka saba kwana a Bukuru da hanyar Zariya. Wannan ya fi maka ta fuskar tsaro, kuma a nan za ka sami ruwan zafi, wanda shi ne rabin maganin daren. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka in da hali ka juya mata baya, bodi ya tare maka, ko ka raɓu da katanga ko jikin wata motar. Ka lura da abu ɗaya: kada salansar maƙwabcinka ta fuskanci tagarka, domin in ya tada injinsa tsakar dare, hayaƙinsa kai zai shiga. Guji kwari da bakin rafi, sanyi can yake taruwa da dare.

In lalacewa ce ta tsayar da kai a daji ba zaɓinka ba, sauka daga kan kwalta gwargwadon iko, sa weji, ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku da nisa gaba da baya, domin a cikin hazo ganye kaɗai ba ya isa. Kira mai mota ko wani abokin aiki ka faɗi daidai inda kake tun wayarka na da caji. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

Rufe kai tun da sauran ɗumi

A motar da ba ta da hanci, injin yana ƙarƙashin ɗakin direba, kuma bayan doguwar tafiya tudun nan na tsakanin kujeru yakan daɗe yana fitar da ɗumi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tsaya, a wangale ƙofofi, a tafi hira awa biyu, a dawo a tarar da ƙarfe ya yi sanyi ƙarara. Ka shirya makwancinka da zarar ka kashe inji, ka rufe ƙofa, sannan ka tafi cin abinci.

Gilashi ne ɓarawon farko. Ja labule in akwai. In babu, nemi kwali. Kwalin taliya ko na sabulu da masu shago ke yarwa ya isa, ka farke shi ya zama shimfiɗa, ka jingina a gilashin gaba daga ciki, ka danne da abin tare rana. Na ƙofa kuwa, sauke gilashi kaɗan, sa bakin tsumma ko tawul, ka ɗaga ya kama shi, sai ya sauko kamar labule. Bi ƙasan ƙofofi, da ramin giya, da wurin da fedoji ke shiga, ka cusa tsumma duk inda ka ji iska na taɓa bayan hannunka. Rufe hanyoyin iskar dashbod. In kana da ragowar tamfol, yafa shi a gilashin gaba ta waje, ka maƙale gefunansa da ƙofofi, zai rage iska kuma ya hana raɓa kwanciya.

Bayan duk wannan, bar taga ɗaya a buɗe kamar faɗin yatsa, a ɓangaren da iska ba ta bugowa. Mutum biyu na numfashi a rufaffen wuri, kafin asuba tururi ya jiƙa gilashi da bargo, kuma jiƙaƙƙen bargo ya fi rashinsa illa.

Sai makwanci. Mutane sukan tara komai a sama su manta da ƙasa, alhali abin da ka kwanta a kai yana zuƙe ɗumin jikinka fiye da iskar da ke samanka, musamman in katifar bayan kujera ta zama siririya ko ledar kushin ce. Shimfiɗa kwali ninki biyu ko uku, ɗora buhu ko darduma, sannan ka kwanta. In bargo biyu gare ka, ɗaya ƙasa ɗaya sama ya fi biyu a sama. Motar da ke da gado biyu, na sama ya fi ɗumi.

Kayan jikinka

Cire duk abin da ya jiƙe kafin komai. Singiletin da ka yi gumi a cikinta tun Lafiya, safar da ta yini cikin takalmi, wandon da ruwa ya taɓa wajen duba lagireto, duk su sauka. Na san cire riga cikin sanyi ba daɗi, amma jiƙaƙƙen yadin auduga a jikin fata zai yi ta jan ɗuminka har safe. Goge jiki, sa busasshe.

Riguna uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, domin iskar da ke maƙale a tsakaninsu ita ce ke riƙe ɗumi. Ta ciki ta ɗan kama jiki, ta tsakiya suwaita, ta waje mai tare iska. Kada su matse ka, musamman a ƙafa, safa biyu masu matsewa suna hana jini gudu sai ƙafar ta ƙara sanyi. Sa hular sanyi ta rufe kunnuwa, naɗa rawani ko mayafi a wuya, ka ja shi ya rufe hanci in ƙura ta yi yawa. Amma kada ka cusa fuska cikin bargo kana numfashi, tururin bakinka zai jiƙa shi.

In sanyin ya riske ka ba shiri, ba bargo ba rigar sanyi, akwai dabara. Duƙunƙune tsohuwar jarida ko takarda ka cusa tsakanin riga da riga, a ƙirji da baya. Zura ƙafafu cikin busasshen buhu mai tsabta, wanda ba na taki ko siminti ko maganin feshi ba. Lulluɓa da tamfol a kan duk abin da ka samu, ka bar fuska a waje. Ba kyan gani, amma yana aiki.

Shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe, da cikin hanci, da dunduniya. Kaushin da ya tsage yana hana taka kuloci da safe.

Ruwan zafi da abin ci

Nan ne mai shayi ya zama ɗan'uwa. Kai masa fulas ɗinka da gora guda, ka ce, "Malam, a taimaka a cika mini waɗannan, na haɗa da kuɗin shayin." Ba wanda zai hana ka. Gorar ta kasance mai kauri, irin ƙaramar jarka mai murfin da ke ɗauruwa sosai. Robar ruwan sha ko ta lemo takan motse in ta ji tafasasshen ruwa, don haka in ita kaɗai gare ka, sirka da ruwan sanyi har ya zama za ka iya riƙewa a tafin hannu. Ɗaure murfin, kifa ta ka gani ko tana ɗiga, zura ta cikin safa, ka tura cikin bargo minti goma kafin ka kwanta. In ka kwanta, rungume ta a ƙirji ko ka sa tsakanin cinyoyi, inda manyan jijiyoyin jini suke. Mai ciwon suga ya kula, kada ya ɗora ƙafa a kanta, domin ƙafarsa na iya ƙonewa bai ji ba. Wajen ƙarfe uku, lokacin da sanyin ya tsananta kuma gorar ta huce, juye mata na fulas.

Kada ka kwanta da yunwa. Jiki da abinci yake hura wutarsa. Tuwo, ko shinkafa da wake, ko doya da ƙwai, abin da dai ke zama a ciki. Ajiye gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, ko dabino kusa da kai saboda tsakar dare. Shayi mai citta da suga ko kunun gyaɗa yana taimakawa, sai dai kada ka cika shayi mai ƙarfi har ya hana ka barci, gobe akwai tuƙi. Sha ruwa ko da ba ka jin ƙishirwa, hunturu na busar da jiki a ɓoye. Ka yi fitsari kafin ka shiga bargo, don kada ka buɗe ƙofa ƙarfe biyu ka zubar da ɗumin da ka tara.

Giya ba ta ɗumama kowa. Tana buɗe jijiyoyin fata ne mutum ya ji zafi-zafi, alhali ɗumin cikinsa ne ke fita. Tiramol da kodin sun fi muni, domin suna nauyaya barci har mutum ya kasa jin lokacin da jikinsa ke neman agaji. Sigari kuma na tsuke jijiyoyin yatsu.

Kafin ka kwanta, ɗan motsa jiki, ka zagaya motar sau biyu ko uku ka duba tayoyi, ka tsuguna ka miƙe, har ka ji jini ya motsa amma ba ka kai ga gumi ba. Bargo ba ya ƙirƙirar ɗumi, wanda ka shigo da shi yake tsarewa.

Maganar gawayi

Ɗan'uwa, ga inda nake roƙonka. Idan dare ya raba, haƙora na haɗuwa, ka hango kurfotin mai shayi da garwashi ja wur babu ko hayaƙi, zuciya za ta ce maka ɗebi kaɗan a kasko ka shigar, minti biyar kawai. Wannan garwashin marar hayaƙi shi ne mai kisa. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, sai jinin ya yi ta zagaye ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Ɗakin direba kuwa bai kai ko rabin ƙaramin ɗakin kwana ba, ga shi ka toshe kafofinsa da hannunka.

Farkonta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Direban da ya yini a hanya zai ce gajiya ce ko zazzaɓi, ya gyara kwanciya. Daga nan ƙafafu su mutu, ko ya so buɗe ƙofa ba zai iya ba. Wanda ta riska cikin barci ba ya ma farkawa. Buɗe taga kaɗan ba ya isa kariya. Haka abin yake ga risho, da ƙaramar tukunyar gas, da janareta a kusa da taga. Direban tanka kuwa, ko ashana bai kamata ta gifta kusa da motarsa ba, cike take ko wofi.

In kana son wuta, ka ji ɗuminta a waje, a fili, nesa da motoci, tare da jama'a. Abin da za ka shigo da shi daga gare ta ruwan zafi ne kawai, ko busasshen dutse da aka ɗumama a gefen wuta aka naɗe da tsumma mai kauri. Dutsen rafi mai damshi yakan fashe in ya ji wuta.

In ka buɗe motar wani ka tarar da shi a galabaice ga kasko a gefe, wangale ƙofofi, jawo shi waje cikin iska, kwantar da shi a gefensa, lulluɓe shi, a nemi mota zuwa asibiti nan take, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ko asibitin ƙwararru na jihar Filato, ko Jankwano, ko duk wanda ya fi kusa. Iskar oksijin yake buƙata. Manja da madara ba sa karya wannan guba, kuma ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa abu a baki na iya shaƙe shi. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi.

Barin inji a silo

In fanka da ruwa na aiki, matsalar ƙarancin zafi ce kawai, za ka iya tada inji minti goma zuwa sha biyar a kowace awa. Sharuɗɗan su ne taga a ɗan buɗe, wani a farke, kuma ka tabbata salansa ba ta huje a ƙarƙashin kai ba. Motar da ka saba jin warin hayaƙi a cikinta kana tuƙi, kada ka kwana a cikinta inji na aiki. Barinsa har safe kuma asara ce, babbar mota na shan kusan lita 3 na mai a awa a silo, wato inji na aiki mota na tsaye, kuma injin dizal ba ya yin wani zafin kirki in ba ya jan kaya.

Ƙananan hitocin da ake soka wa a ramin kunna sigari ba su da ƙarfin ɗumama kai, sai cinye batir. Tirela wutar bolt 24 gare ta, na ƙananan motoci 12, in ka soka na ƙaramar mota zai ƙone. Tanadi batir saboda tashin safe, domin sanyi ma da kansa na rage masa ƙarfi. Kashe rediyo da fitilar ciki, yi amfani da tocila.

Yaron mota

Duk abin da na faɗa, da shi nake. Al'adar barin yaro ya kwana a ƙarƙashin mota kan kwali, ko bisa lodi yana gadi, a hunturun Jos zalunci ne ko da ba da niyya aka yi ba. Shi ne ya yini yana sa weji, shi ya jiƙe wajen zuba ruwa, shi ne mai riga ɗaya, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce "Oga, sanyi nake ji" ba. Kai za ka ce, "Kai, hau ciki ka kwanta." Jiki biyu a cikin kai sun fi ɗaya ɗumama shi. In dole sai an yi gadin kaya, ku yi karɓa-karɓa awa bibbiyu, mai fita ya ɗauki rigar da ta fi kauri. Kwana a ƙarƙashin mota ma haɗari ne na kansa, in aka tada ta da duhu aka manta da shi.

Ka san alamun sanyin da ya wuce misali. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Rawar ɗari mai ƙarfi ita ce gargaɗin farko. In harshe ya fara nauyi, hannu ya kasa ɗaure maɓalli, tafiya ta zama tangaɗi, magana ba kan gado, abin ya yi nisa. In rawar ɗarin ta tsaya alhali mutum na nan cikin sanyi yana neman barci, wannan ba sauƙi ba ne, tsanani ne. Cire masa jiƙaƙƙun kaya, naɗe shi har kai, sa gorar ruwan ɗumi a ƙirji da hammata, ba shi shayi mai suga in yana iya haɗiya da kansa. Kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi, kada a kara shi da wuta, a nufi asibiti. Wannan ya fi faruwa ga wanda ya jiƙe, shi ya sa ruwan Agusta a Filato, in ya kama mutum yana canja taya cikin iska, bai fi hunturu sauƙi ba.

Asuba da kama hanya

Rage ruwan fulas saboda alwala, ka sirka, ka goge jiki sosai kafin ka mayar da safa. Sha wani abu mai zafi, koko da ƙosai in an fito da su. Cire kwalaye da tamfol, goge gilashi ta ciki da busasshen tsumma har ya washe duka. Mota marar hita ba ta iya busar da gilashinta, don haka za ka yi tafiya da taga a ɗan buɗe, tsumma a hannun yaro. Leƙa ƙarƙashin mota kafin ka murza makulli. In ba ta tashi a bugun farko ba, kada ka wuce daƙiƙa goma sha biyar kana murzawa, huta minti ɗaya ko biyu tukuna. Bari iskar birki ta cika tankunanta, allurai su hau inda suka saba.

Ka kuma auna kanka da gaskiya. In daren ya wuce ba ka runtsa ba, yatsunka ba sa jin sitiyari, kada ka tunkari gangaren Hawan Kibo da lodi cikin hazo. Jira rana ta fito, ka sami barcin awa ɗaya ko biyu lokacin da kai ya ɗumama. Mai kaya zai yi ta kira, gaya masa abin da ya faru.

Kafin ka bar gari, kai motar wurin bakanike ka faɗa masa daidai abin da ka gani: fanka ce, ko allura ce ba ta hawa, ko tiyo ɗaya ne ke sanyi. In tamostat aka cire, a mayar da shi, kuma a zuba ruwan lagireto na gaske maimakon na rijiya mai toshe hanyoyi da tsatsa. Daga nan ka biya kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo ka sayi bargo biyu, suwaita, hular sanyi da safa, naka da na yaro. Haɗa da fulas, ƙaramar jarka, fiyus na ajiya da tocila, ka ɗaure su cikin leda mai kauri ka tura ƙarƙashin gado, kada a fitar da su ko da bazara.